Masu amsa kiran waya: Dillali daban, ubangida daban

A watan Maris na 2024 ne Mataimakin Shugaban Ƙasa, Sanata Kashim Shettima, ya ƙaddamar da wani shiri a garin Gombe, wanda manufarsa ita ce jawo kamfanonin ƙasashen waje su riƙa bai wa matasan Nijeriya kwangilar ayyukan da ake iya yi daga nesa, ta waya ko ta kwamfuta. Kimanin wata shida kafin nan, a Satumbar 2023, gwamnatin tarayya ta sanar da wani shirin makamancinsa mai suna NATEP, tare da alkawarin samar da guraben aiki miliyan ɗaya cikin shekara biyar. Duk sa'ad da irin wannan magana ta taso, da ƙasar Filifin ake buga misali, domin a can fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ne ke cin abinci a wannan sana'a, kuma tana shigo wa ƙasar da sama da dala biliyan 30 a shekara. Babban ginshiƙin sana'ar kuwa shi ne amsa kiran abokan hulɗa, wato aikin waɗanda jama'a suka fi sani da 'yan kwastoma-kiya.

Ba na cikin masu kushe wannan buri. Duk malamin jami'ar da ke yaye ɗalibai kowace shekara, yana kuma cin karo da su a tasha da kasuwa riƙe da takardun neman aiki, ba zai raina gurbi ko ɗaya ba. Haka nan mun ga abin yana yiwuwa a Arewa, tunda Hajiya Amal Hassan ta kafa kamfanin Outsource Global a 2013, ya kuma buɗe cibiyoyi a Abuja da Kaduna yana yi wa kamfanonin ƙetare aiki. To amma akwai wata tambaya da ba a cika yi ba a wuraren bukukuwan ƙaddamarwa, ga shi kuwa a kanta rayuwar waɗannan matasa ta rataya: wannan yarinya ko yaron da ke ɗaga waya ya gaishe ka da sunan kamfani, ma'aikacin waye?

Bari mu fara da aikin kansa, domin da yawa daga cikinmu muryar kawai muka sani. Kafin a yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, layukan wayar da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Yau ana maganar layuka fiye da miliyan 150, kuma tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta mayar da lambar kiran neman taimako ta zama 300 a kowane layi. Bayan wannan lamba akwai manyan ɗakuna cike da tebura, kowane tebur da kwamfuta da na'urar kunne. Kira na ƙarewa wani na shigowa, na'ura ce ke rabawa, ba ta shawara da kowa. Ana naɗar muryar mai amsawa, ana ƙidaya daƙiƙoƙin da ya ɗauka a kan kowane kira, akwai kuma masu sauraren abin da aka naɗa suna ba shi maki: ya yi gaisuwa yadda aka rubuta? Ya ambaci sunan mai kira? Ya tallata sabon tsarin data kafin ya yi sallama? Hatta lokacin hutunsa ƙididdigagge ne. Ana aiki dare da rana bisa karɓa-karɓa, ranar Salla da ranar Kirsimeti. Wanda aka cinye wa kuɗin kati kuma ba ya ganin manaja, ba ya ganin darakta. Wannan murya ita ce kamfanin a wurinsa, a kanta yake sauke fushinsa.

Masaniyar harshe 'yar Ingila, Deborah Cameron, ta yi nazarin irin waɗannan cibiyoyi a ƙasarta, ta wallafa sakamakon a shekarar 2000. Abin da ta nuna shi ne ana tsara wa ma'aikaci kalmomin da zai faɗa, har da yadda muryarsa za ta fita, da inda zai nuna tausayi, da inda zai sa fara'a. A nan gida nauyin ya ninka, musamman ga wanda ke kan layin Hausa. Abin da ke fuskar kwamfutarsa da Turanci yake, mai kira kuwa Hausa yake ji, saboda haka kowane kira aikin tafinta ne, nan take, ba ƙamus. Turanci yana da kalma ɗaya ta nuna wanda ake magana da shi, Hausa kuwa sai ka zaɓa tsakanin "ka" da "ki" da "ku" na girmamawa, kuma da murya kaɗai za ka gane ko Baba ne, ko Hajiya ce, ko yaro ne ya ɗauki wayar mahaifiyarsa. Basakkwace zai ce maka an kwashe masa "kuɗɗi", ya amsa maka da "awo"; wanda ya taso a Jos ko Bauchi da tasa Hausar. Sannan ga gaisuwa. Dattijon da ya kira daga ƙauye ba zai shiga ƙorafi ba sai ya tambayi gajiya da iyali da aiki, idan ka katse shi ka zama marar tarbiyya, idan ka biye masa agogon kamfani ya rage maka maki. Wanda ya iya ratsa wannan siraɗi sau ɗari a yini gwani ne. Cikin tsofaffin ɗalibaina da suka yi wannan aiki kuwa, babu wanda ya taɓa nuna mini takardar albashin da aka ware wani abu a cikinta saboda harshe, duk da cewa iya Hausa na cikin sharuɗɗan da aka gindaya musu tun a tallar aikin.

Akwai wata kalma guda da nake so mai karatu ya saurara da kyau idan ya sake kiran 300, ita ce "mu". "Muna ba ka haƙuri." "Za mu duba matsalarka." "Mun gode da ka zaɓe mu." Masanin zamantakewa Erving Goffman, a wani littafinsa na 1981, ya rarrabe abin da muke kira mai magana gida uku: akwai mai furta kalmomin, akwai wanda ya tsara su, akwai kuma wanda maganar ke ɗaure shi, wato mai ɗaukar alhakinta. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san mai shela. Idan mai shela ya tsaya a bakin kasuwa ya ce Sarki ya gaishe ku, kowa ya san bakin nasa ne, maganar ta fada ce. Kuma ba a taɓa jin ranar da mai shela ya shiga uku a bakin aikinsa, fada ta ce ba ta san shi ba. Mai amsa kira yana yini yana cewa "mu" da sunan kamfani, amma ranar da albashi ya makara ko aka rufe cibiya, sai ya tarar shi ba ya cikin wannan "mu".

Yadda hakan ke faruwa, harshenmu ma yana taimakawa wajen lulluɓe shi. Matashi zai dawo gida ya ce, "An ɗauke ni aiki a kamfanin waya." A yi murna, a yi addu'a, ba wanda zai tambaya wa ya ɗauke shi. Wannan "an" da muke koyar da ɗalibai a darasin nahawu, amfaninta ke nan, a faɗi aiki a ɓoye mai yin sa: an ɗauka, an rage albashi, an sallama. Ita kanta kalmar "ɗauka" aiki biyu take yi mana. Wanda ya buga talla, ya tace takardu, ya yi wa mutane jarrabawa ya miƙa sunaye, muna cewa ya ɗauki ma'aikata. Wanda zai riƙa biyan albashi, ya zuba kuɗin fansho, ya ba da hutun haihuwa, ya biya diyya idan an ji rauni, shi ma muna cewa ya ɗauki ma'aikata. Alhali kuwa na farko dillali ne, na biyu ubangida.

A gaskiya ma ba biyu ba ne, uku ne, wani lokaci huɗu. Akwai dillalin aiki zalla, wanda ke haɗa mai nema da mai buƙata, ya karɓi la'adarsa daga kamfani, shi ke nan hulɗarsa da kai ta ƙare. Takardar kama aikinka da sunan kamfanin za ta fito. Akwai ɗan kwangilar ma'aikata, wanda shi ne zai sa hannu a takardarka, ya riƙa biyan ka, amma ya tura ka ka yi aiki a ƙarƙashin wani. Akwai kamfanin da aka bai wa kwangilar gudanar da cibiyar ɗungurungum, wanda shi ma yana iya zuwa wurin ɗan kwangilar ya samo mutane. Can sama kuma ga mai layin, wanda sunansa kake ambata a kowane kira, shi ke tsara abin da za ka faɗa, shi ke yanke yawan daƙiƙoƙin da aka yarda ka ɗauka. Kowane hawa yana cire nasa kafin kuɗi su iso ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dillanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ya sa kasuwancin Hausawa ya kai Gwanja ya kai Kurmi shi ne kowa ya san matsayinsa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda fataucin shanu ke tafiya a can: dillali ya haɗa ciniki, amma mai gida, wanda ya sauki bafataken, shi ne ke tsaya masa idan mahauci ya karɓi shanu bashi. Idan kuɗi suka maƙale, baƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsarin da ake yi wa matasanmu yau ya ɗauki dillalin, ya bar lamunin.

Idan mai karatu yana ganin wannan nazari ne na cikin aji, to ya tuna abin da ya faru a 2011. A shekarar 2010, bayan kamfanin Bharti na Indiya ya sayi harkokin Zain na Afirka ya mayar da sunan Airtel, ya sanar da miƙa cibiyoyin amsa kiransa ga wasu kamfanoni, ciki har da Tech Mahindra da Spanco. Shekara na zagayowa rikici ya ɓarke a kan albashi da makomar masu amsa kira, waɗanda jaridu suka ce sun kai kimanin 3,000, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta shiga maganar. Amsar da kamfanin ya bayar ita ce bai kori kowa ba, domin mutanen ba ma'aikatansa ba ne, na 'yan kwangila ne. A 2012 aka sake irin wannan taƙaddama a Jos, a cibiyar da kamfanin CNSSL ke gudanarwa a madadin MTN. A Yulin 2018 kuma NLC, ƙarƙashin Kwamared Ayuba Wabba, ta yi zaman dirshan a ofisoshin MTN a kan batun ma'aikatan wucin gadi da 'yancin shiga ƙungiya, zargin da kamfanin ya musanta. Abin lura a nan shi ne, a takarda, mai cewa "ba ma'aikatana ba ne" yana iya kasancewa gaskiya yake faɗa. Nan ne gizo ke saƙa.

Adalci ne a saurari hujjar kamfanoni. Suna cewa sana'arsu kafa turaku da sayar da kira da data, amsa ƙorafi kuwa fanni ne mai zaman kansa da wasu suka ƙware a kai, kuma duk duniya haka ake yi. Suna cewa yawan kira yana hawa yana sauka, ba za su iya riƙe dubban mutane na dindindin ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni ban ce a haramta kwangila ba, don haramta ta korar ayyukan da muke roƙo su zo ne. Sai dai na kasa fahimtar yadda za a ce sauraren wanda ke biyan ka kuɗi ba ya cikin ainihin sana'arka. Idan kuma har ɗan kwangila ya fi arha, ya kamata a tambaya daga ina arhar ta fito: daga ƙwarewa, ko daga aljihun yarinyar da ke aikin dare?

Me doka ta ce? Dokar Ƙwadago da muke amfani da ita ta samo asali ne tun zamanin mulkin Janar Gowon, lokacin da babu wanda ya yi mafarkin wayar salula. Ta wajabta wa mai sana'ar samo wa wasu ma'aikata ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago. Sashe na 7 ya ce a bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, ciki har da sunan wanda ya ɗauke shi. Amma sashe na 91, inda aka fassara kalmomi, ya ce ubangida shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniyar aiki da mutum, ko don ya yi masa aiki shi kansa, ko don ya yi wa wani. Wannan ɗan gutsuren jimla na ƙarshe shi ne ƙofar da duk tsarin ke bi ya wuce. Sauran haƙƙoƙi kuma duk a wuyan "ubangida" aka rataya su: kashi 10 cikin ɗari da zai zuba a asusun fansho bisa dokar 2014, a kan kashi 8 na ma'aikaci, kashi ɗaya cikin ɗari na asusun diyyar rauni bisa dokar 2010, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Idan ubangidan na takarda ɗan ƙaramin kamfani ne mai ɗaki biyu a saman bene, wanda zai iya rufewa ranar Juma'a ya buɗe da sabon suna ranar Litinin, to waɗannan haƙƙoƙi sun zama kifi a ruwa.

Inda ake samun sauƙi shi ne Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta, ya kuma ba ta ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Kotun ta sha nuna cewa tana duba yadda aiki ke gudana a zahiri, wa ke ba da umarni, wa ke iya cewa a cire wane, ba abin da aka rubuta kaɗai ba, kuma tana iya ɗaukar kamfanoni biyu a matsayin iyayen gida na haɗin gwiwa. Amma shari'a sai da lauya da kuɗi da shekaru, wanda aka sallama jiya kuwa kuɗin haya yake nema. Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikatan kwangila ga ɓangaren man fetur a 2011, ta fitar wa bankuna da kamfanonin inshora a 2022. Masu amsa kira sun cancanci nasu, a rubuce, dalla-dalla.

Mutanen Kenya sun riga mu shiga wannan rigima. A 2023 masu tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook, su fiye da 180, waɗanda kamfanin Sama ya ɗauka a Nairobi, suka kai ƙara bayan an sallame su, kuma cikinsu har da 'yan Nijeriya masu aiki da Hausa. Kamfanin Meta ya ce shi ba ubangidansu ba ne, ba ma a iya gurfanar da shi a Kenya. A Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ce ana iya gurfanar da shi. Wannan shi ne irin aikin da ake gayyatowa Gombe da Kaduna da Kano, inda mai ba da umarnin yana wata nahiya. Idan gano ubangida ya yi wuya alhali yana Legas, ina ga yana Amurka?

Sai batun kuɗin fom, wanda a nan ne rashin bambance dillali da ubangida ya fi cin talaka. A 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanin dillancin aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. Wanda ke buƙatar ma'aikata shi ke biyan la'ada. Dalilin a fili yake. Dillalin da kamfani ke biya, ribarsa ita ce ya samo wanda ya dace. Dillalin da masu nema ke biya, ribarsa ita ce masu nema su yi yawa, ko da gurbi ko babu. Mun ga ƙarshen wannan lissafi ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da aka tara ɗaruruwan dubban matasa a filayen wasa don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, bayan kowannensu ya biya Naira 1,000 ta hannun wani kamfani mai zaman kansa, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 15 suka rasu a turmutsitsi. Idan an yi haka da sunan hukumar gwamnati, mai karatu ya ƙiyasta abin da ake yi da sunan kamfanonin waya a saƙonnin WhatsApp, inda ake liƙa tambarin kamfani a saman talla, a ce a turo kuɗin horo ko na katin shaida.

Abin da nake ganin ya dace ba mai tsada ba ne. NCC tana da lambar 622 da mai layi zai kira idan kamfani bai share masa hawaye ba, tana kuma auna ingancin yadda ake amsa kira. Hukumar da ta damu da daƙiƙa nawa na jira kafin a ɗaga, ya kamata ta damu da halin wanda ya ɗaga. Ita da Ma'aikatar Ƙwadago za su iya shimfiɗa sharaɗi cewa duk kamfanin da ake amsa kira da sunansa, shi ne mai lamuni: idan ɗan kwangilarsa ya gudu da albashi ko kuɗin fansho, shi zai biya, daga baya ya bi ɗan kwangilar. Ranar da aka yi haka, kamfanoni da kansu za su fara tantance waɗanda suke bai wa kwangila fiye da yadda kowane sufeton gwamnati zai iya. Gwamnonin da ke ba da filaye da gine-gine da rangwamen haraji don a buɗe cibiyoyi a jihohinsu kuma suna da damar saka wannan sharaɗi tun kafin a yanka kirtani.

Mu ma a jami'o'i da namu kason. Takardu kan zo sassan harsuna daga kamfanoni masu neman waɗanda suka iya Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a roƙe mu mu liƙa a allon sanarwa ko mu tura wa tsofaffin ɗalibai. Ɗalibi kuwa idan ya ga abu ya fito ta hannun malaminsa, ya ɗauka an tantance. Ni dai duk takardar da ta biyo ta ofishina, abu uku nake tambayar wanda ya kawo ta: lambar lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, da sunan kamfanin da zai fito a saman takardar kama aiki, da kuma tabbacin cewa ba za a karɓi ko sisin kwabo daga hannun ɗalibi ba. Wanda ya amsa ukun, da hannuna nake liƙa masa. Akwai wanda ya ce zai je ya tambayo manajansa, yau zango biyu ke nan takardarsa na cikin durowata.